Tuta, Fareti da 'Yan Ajinmu a Ƙasar Kabi

A Birnin Kebbi da Argungu, tutar Najeriya kayan makaranta ce. Manomin shinkafa bai kafa ta a bakin fadamarsa ba, masunci bai ɗaura ta a goshin jirginsa ba, ban kuma taɓa jin an sa ta cikin jeren amarya ba. Duk dattijon da ka ga ya miƙe ya ƙame don ana ɗaga ta, bincika, za ka tarar ya taɓa tsayawa layi da sassafe a gaban hedimasta. Amurkawa sun ware 14 ga Yuni don tutarsu kaɗai. Mu ma hukumar wayar da kan jama'a takan yi taron alamomin ƙasa ran 16 ga Satumba, amma taron ofis ne, labarinsa bai iso kasuwa ba. Ranar tuta da talaka ya sani ita ce 1 ga Oktoba, abin da ya sani game da ita kuwa shi ne faretin 'yan makaranta. Mu da muka gama sakandare tare a Birnin Kebbi a 1981, ita muka zaɓa don haɗuwarmu ta shekara-shekara. Da na bi sawun al'adar don in ga mafarinta, sai sawun ya wuce 1960 da nisa.

Mutanen wannan yanki sun san tuta tun kafin Bature, sun kuma san ba abin ado ba ce. Da Shehu Usmanu Ɗanfodiyo ya fara jihadi a 1804, tuta ita ce shaidar izini. Wanda aka danƙa wa ita shi ne jagoran yaƙi a ƙasarsu: Modibbo Adama a gabas, Yakubu a Bauchi, Buba Yero a Gombe, Malam Musa a Zazzau, Ummarun Dallaje a Katsina. Ƙasar Kabi kuwa ba a aika mata kowa ba, jama'ar Shehu da kansu suka zo. A 1805 rundunar Malam Abdullahi ƙanen Shehu ta ci Birnin Kebbi, Sarkin Kabi Muhammadu Hodi ya fice, masu jihadi suka mai da Gwandu mazauninsu. Kafin shekarar ta fita aka yi gumurzun Alwasa, inda suka ji jiki ƙwarai. Da aka raba ragamar daular a 1812, yamma ta faɗo hannun Abdullahi, har ta kai Nupe da Ilori suna kallon Gwandu a matsayin uwar gijiya.

Amma jikokin Kanta, wanda ya tsaya wa Askiya na Songhai ya gina Surame a ƙarni na 16, ba su shiga ƙarƙashin tutar nan baki ɗaya ba. Waɗanda suka ƙi sun tattara a Argungu. An kashe Sarkin Kabi Karari a 1831, aka tafi da ɗansa Yakubu Nabame Sakkwato ya yi shekaru can. Da ya samu dawowa, a 1849 ya yi tawaye, Arawa da Dandawa da Zabarmawa suka mara masa baya. Daga nan har zuwan Turawa ba a sake cin Argungu ba. An ɗan sha iska zamanin Sarki Abdullahi Toga, abin da tsofaffi ke kira Lafiyar Toga, daga baya wuta ta sake kamawa, musamman zamanin Sama'ila, wato Sama, wanda ya hau gado a 1883. Tsakanin Argungu da Birnin Kebbi yau bai wuce tafiyar sa'a guda a mota ba. A wancan zamani kan iyaka ce ta yaƙi.

Kakata ta wajen uba Bakabiya ce mai zube a kumatu, an haife ta Sama na kan gado. Idan ta ce “masu tuta”, ba yabo take nufi ba. A bakinta, hango tuta daga nesa na nufin a kora shanu cikin ganuwa, a kwashe yara daga bakin gulbi. Abokina na ƙut da ƙut a makaranta kuwa Bafillatanin Gwandu ne, a gidansu babu abin tinƙaho kamar a ce kakan wane ya yi yaƙi ƙarƙashin tuta. Dukansu biyu gaskiyarsu suke faɗa. Ni dai abin da na fahimta, rigimar ta fi karkata ga sarauta da ƙin biyayya, don su ma Kabawan Argungu masu salla ne, ga shi kuma yau babu gida a garin da za ka rasa Usmanu ko Abdullahi.

Tuta ta biyu Bature ya zo da ita. Sojansa sun sauka Argungu a 1902, Sama bai yaƙe su ba, don yana ganin ya samu wanda zai rage masa nauyin abokan gaba. Ran 15 ga Maris 1903 aka yi karon Giginya a bakin Sakkwato. Su kansu Turawan da suka yi yaƙin sun ba da labarin wasu tsirarun mutane da suka tsaya kewaye da tutar Sarkin Musulmi Attahiru, wannan ya faɗi wancan ya matso, har aka ƙare su. Attahiru ya yi hijira gabas, aka kashe shi a Burmi ran 27 ga Yuli. Tutarsa ta zauna hannun sojan Turawa shekara da shekaru, sai a 1960 aka mayar wa Sarkin Musulmi Abubakar na III. A farkon mulkin Turawan ne kuma fadar Sarkin Gwandu ta dawo Birnin Kebbi. Garin da Kabawa suka rasa a 1805 ya zama gidan sarautar waɗanda suka karɓe shi, haka yake har gobe.

Da Razdan da Di'o suka zauna da gindinsu, sai ga tutar Ingila na kaɗawa a barikin Birnin Kebbi da na Argungu. Ƙasar Najeriya ta Turawa ma tana da tata, shuɗiya mai tauraro mai tsini shida cikin jan da'ira, irin tauraron da ke jikin anini da kwabo mai huji. Wannan ne karo na farko da Bakabe da Bagwande suka tsaya ƙarƙashin ƙyalle ɗaya, sai dai ba wanda ya tambaye su. A nan ne faretin makaranta ya samo asali. Kowace 24 ga Mayu, ranar haihuwar Sarauniya Biktoriya, makarantun ƙasashen da Ingila ke mulka sukan yi bikin Ranar Daula. Mahaifina ya yi elementare a Argungu a shekarun 1940, ya ce akan jera su gaban Di'o da Sarki, su sara wa tuta, su rera waƙar Turanci da ba su san ma'anarta ba, daga nan a shiga tsere da tsalle da jan igiya, a raba wa gwanaye sabulu da littafin rubutu. Duk abin da muka yi daga baya yana cikin wannan tsari: layi, maci, sarawa, jawabin babban mutum, wasanni, kyauta. Ƙyallen da waƙar kawai aka canja.

Kada a ɗauka tutar Bature ce ta sasanta Kabawa da Sakkwato. Ta hana su yaƙi, shi ke nan. Sasantawar zuci kifi ne ya kawo ta. A 1934 Sarkin Musulmi Hassan ɗan Mu'azu ya ziyarci Argungu, abin da ba a taɓa gani ba, Sarkin Kabi Muhammadu Sama ya shirya masa gagarumin su, masunta suka faɗa ruwa da homa da gora. Daga nan bikin kamun kifi na Matan Fada ya samo sifar da duniya ta san shi da ita, har UNESCO ta sa shi cikin gadon al'adun duniya a 2016. Mutanen Argungu ba su buƙaci a koya musu muhimmancin wannan biki a aji ba. Na 1 ga Oktoba kuwa sai da aka koyar, da alli da bulala.

Ɗaya daga cikin masu koyarwar shi ne Malam Shehu Shagari. A farkon shekarun 1950 shi ne hedimastan babbar firamaren Argungu. Kafin nan ya riga ya tsara Waƙar Najeriya, wadda ta bi ƙasar gari-gari da kogi-kogi da Hausa, don yaron da bai taɓa wuce Jega ba ya san akwai wani wuri wai shi Kalaba, kuma wai ƙasarsu ɗaya. Ina ganin wannan shi ne aikin da ya fi wuya a lokacin. Yaron Argungu ya san Dosso da Dogon Dutse da Gaya, can kawunnansa da gwaggwanninsa suke, can kakanninsa suka samu mataimaka zamanin Nabame. Sai ga malami na gaya masa waɗannan baƙi ne, ƙasar Faransa suke, ɗan'uwansa na ƙasa shi ne wani mai kamun kifi a bakin teku da ba ya jin ko “sannu”.

Tutar da aka ba wannan sabuwar 'yan'uwantaka ɗalibi ne ya zana ta. Michael Taiwo Akinkunmi, mutumin Ibadan, yana karatun injiniya a Landan ya ga sanarwar gasa a jarida. Cikin zane fiye da 2,000 da aka aika, nasa aka zaɓa a 1959, aka ba shi fam 100. A zanensa na asali akwai jar rana a tsakiyar farin, alƙalan gasar suka cire ta, suka bar kore, fari, kore: kore don noma, fari don zaman lafiya. Arewa ta riga ta samu mulkin kai ran 15 ga Maris 1959, ranar da ta yi daidai da faɗuwar Sakkwato shekara 56 baya. Da tsakar daren 1 ga Oktoba 1960, a filin sukuwa na Legas, aka sauke tutar Ingila aka ɗaga sabuwar, Gimbiya Alexandra na wakiltar Sarauniya, Sir Abubakar Tafawa Ɓalewa na Firayim Minista. A Birnin Kebbi Sarkin Gwandu Haruna Rashid ne kan gado, a Argungu kuwa Sarkin Kabi Muhammadu Mera bai daɗe da hawa ba. Yayana, wanda ke firamare a lokacin, ya ce an raba musu 'yan ƙananan tutoci da kofi, aka dafa shinkafa da nama. Kofin ya fi tutar daɗewa a gidanmu.

Ni karona na farko da tuta a 1970 ne, shekarar da yaƙin basasa ya ƙare, lokacin da Janar Yakubu Gowon da Shugaba Diori Hamani na Nijar suka zo bikin kamun kifi. Aka jera mu bakin hanya da tutocin takarda manne a tsinke. A jikin motocin manyan baƙi na ga wata tutar daban, mai ruwan lemo da fari da kore da ɗigo a tsakiya. Na tambayi malaminmu, ya ce ta mutanen Nijar ce. Na ce ashe gwaggona da ke Gaya tutarta daban. Ya ce in rufe baki in ci gaba da kaɗawa.

Shekarun da fareti ya kai ƙololuwa su ne na sakandarenmu. Na shiga a 1976, shekarar da gwamnatin Obasanjo ta buɗe ilimin firamare kyauta ga kowa, aka ƙirƙiro Jihar Sakkwato, aka rushe En'e aka kafa ƙananan hukumomi. A shekarar ne kuma aka shigo da alkawarin biyayya ga ƙasa, wanda Felicia Adedoyin ta rubuta, muka riƙa karanta shi kowace safiya hannu a sama. Kuɗin mai ya shigo, makarantu suka cika maƙil, gwamnatin soja kuma ta yi imani cewa ƙasar da ta fito daga yaƙi da maci za a ɗinke ta.

Da an dawo hutu a watan Satumba ake fara gwaji. Bayan la'asar, gero ya nuna a gonakin da ke kewaye da makaranta, gulbi ya cika ya malala cikin fadama, mu kuwa muna fili muna ta lef-rai, lef-rai. Mai koya mana tsohon soja ne da ya yi yaƙin basasa. Ba ya duka sosai, amma muryarsa ta ishi kowa. “Kai yaro, mi kaka yi haka? Ƙahwar hagu nic ce maka!” Akwai ɗan ajinmu da Allah bai ba shi bambance hagu da dama ba in ganga na tashi, sai da aka ɗaura masa tsumma a ƙafa. Yau babban ɗan kasuwa ne, har yanzu sunan da muka laƙaba masa saboda tsumman nan muke kiransa da shi, ko gaban 'ya'yansa. Ana saura kwana kaɗan sai wanki ya tashi: a sa wa farar riga bula, a ba wando sitaci, a yi layin dutsen guga mai gawayi, wanda bai samu ba ya shimfiɗa kayansa ƙarƙashin katifa ya kwana a kai. Takalmin kambas kuwa da jiƙaƙƙen alli ake shafe shi, in ka buga ƙafa farar ƙura ta tashi.

Abin da ban lura da shi ba sai da na girma shi ne yadda ake jera mu. Tsohon sojan nan bai taɓa tambayar kakan kowa ba, tsawo yake dubawa. Dogaye gaba da baya, gajeru tsakiya. A sahuna akwai ni jikan Bakabiya, a damana abokina Bagwande, a haguna Badakkare daga Zuru wanda ke zuwa coci ran Lahadi, a bayana ɗan Yawuri, can gefe Bazabarmen Kamba. Malamanmu ma haka: 'yan Gana, 'yan Indiya da Fakistan, da masu yi wa ƙasa hidima daga kudu, tun da aka kafa shirin a 1973. Idan ɗayanmu ya saɓa ƙafa, duk sahun ake mayarwa baya. Wanda zai riƙe tuta a gaba kuwa zaɓensa ake yi don tsayinsa da ƙarfin dantsensa, saboda iskar ƙarshen damina ba ta raga wa mai raunin hannu. A shekararmu ta ƙarshe Badakkaren nan ne ya riƙe, jikokin masu tuta da jikokin maƙiya tuta suna biye da shi. Ba mu ga wani abin mamaki a ciki ba, hankalinmu na kan kofin da za a ba makarantar da ta fi iya maci.

Ranar kanta akwai wuya. Tun hantsi muke tsaye, manya ba sa isowa sai rana ta take. 'Yan sanda da badujala, 'yan sikawut, 'yan agaji, makarantun 'yan mata, 'yan firamare da ba a ko ganin kawunansu sai ƙura. Kowace shekara sai wani ya yanke jiki ya faɗi, a ɗauke shi a yayyafa masa ruwa. Sai a karanto dogon jawabi da Turanci, wanda mutanen gari da suka kewaye filin ba su ji ko kalma ba, mu ma da ke ji ba mu saurara ba. Amma da an buga ganga an ce a juya ido dama, ka ga sarki da hakimai ƙarƙashin rumfa, ka ji mata na rangaɗa guɗa daga gefe don sun hango 'ya'yansu, wallahi sai ka ji tsikar jikinka ta tashi. Daga baya a koma makaranta a tarar da shinkafa da nama da lemon kwalba.

A 1978 aka canja taken ƙasa. Wanda muka taso da shi wata Baturiya ce, Lillian Jean Williams, ta rubuta shi, aka ce bai dace ƙasa mai 'yanci ta riƙa rera waƙar baƙi ba. Aka kawo sabo, wanda Benedict Odiase na badujalar 'yan sanda ya sa wa kiɗa. Muka haddace cikin mako biyu don tsoron bulala. Shekara ta zagayo, 1 ga Oktoba 1979, soja suka miƙa mulki ga farar hula, wanda ya karɓa kuwa Alhaji Shehu Shagari ne. Ban taɓa ganin ranar da ta shiga ran mutanen Argungu kamar wannan ba. Dattijan da ya koyar suka kewaye rediyo, ba mai cewa shugaban ƙasa, sai “Malam Shehu”. Ran nan kam tutar ta ɗan fita daga harabar makaranta ta shiga zaure.

Ba ta daɗe a can ba. Ina sabon malami aka ƙaddamar da yaƙi da rashin ɗa'a a 1984, zamanin Buhari da Idiagbon, aka ware wani babi nasa don kishin ƙasa. Kowane ofis sai da tuta, ma'aikaci na iya shiga uku in aka ce ya rera take ya kasa. Tela ya samu ciniki. Na ga magidanta masu furfura suna haddar take a ɓoye, gumi na karyo musu. An samu tutoci da yawa, ban ga alamar an samu ƙarin ƙauna ba. Doka ma tun 1960 take, ta hana kafa tutar da ta yage ko ta koɗe, amma zaga sakatariyoyinmu ka ƙirga waɗanda korensu ya koma ruwan toka.

Ran 27 ga Agusta 1991 gwamnatin Babangida ta yanke Jihar Kebbi daga Sakkwato, aka haɗa masarautun Gwandu da Argungu da Yawuri da Zuru, Birnin Kebbi ta zama babban birni, Patrick Aziza ya zo a matsayin kantoman soja na farko. Fareti ya ƙara girma, ya koma filin wasa na Haliru Abdu, gaban gwamna. Sai dai ranar ta yi ta samun kishiyoyi. Ga 27 ga Mayu ta yara, ga ranar dimokuraɗiyya da aka fara yi 29 ga Mayu daga baya aka mayar 12 ga Yuni, ga ita kanta 27 ga Agusta. Bam ɗin da ya tashi kusa da dandalin Eagle a Abuja ran 1 ga Oktoba 2010 ya sa aka yi shekaru ana bikin a cikin fadar shugaban ƙasa, jihohi suka samu hujjar rage nasu. Annobar korona ta zo a 2020, tare da ambaliyar da ta cinye shinkafar fadamominmu. A watan Yuni 2021 'yan bindiga suka kwashi ɗalibai a kwalejin tarayya ta Birnin Yawuri. Bayan wannan, wane uba ne zai ji daɗin a tara masa yara a fili? A 2025 gwamnatin tarayya da kanta ta soke faretin cika shekara 65. Shi ma Akinkunmi, da ya rasu a watan Agusta 2023, sai da gawarsa ta shekara ana jiran jana'izar girmamawa kafin a binne shi a Ibadan.

Yayin da hukuma ke janye jiki, sai tsofaffin ɗalibai suka ɗauka. Haɗuwar 'yan makaranta ɗaya ba sabon abu ba ne a Arewa. Tun 1939 tsofaffin ɗaliban Kwalejin Kaduna, wadda ta zama Barewa, suka kafa ƙungiyarsu, ta zama ɗaya daga cikin wuraren da 'yan bokon Arewa suka fara tattauna makomar ƙasa. Manyan makarantunmu irin Kanta ta Argungu da Nagari ta Birnin Kebbi duk suna da tsofaffin ɗalibai masu ji da su. Tamu ƙaramar aba ce, ta 'yan aji ɗaya. Wasu ajujuwan bayan Salla suke haɗuwa, wasu ƙarshen shekara. Mu mun zaɓi 1 ga Oktoba, kuma gaskiya ba kishin ƙasa ne ya fara kawo shawarar ba: hutu ne, ba hidimar Salla, Kiristocinmu na Zuru ma ba su da uzuri. WhatsApp ya tattaro waɗanda suka ɓace. Shekara guda Birnin Kebbi, shekara guda Argungu.

Akan buɗe da addu'a, a karanto sunayen waɗanda suka riga mu gidan gaskiya, jerin da ke ƙara tsawo. Sai Badakkaren nan, wanda ya yi ritaya daga aikin soja, ya fito da tutar da wani telan kasuwa ya ɗinka mana, ya ɗaura a gora. Mukan gayyaci ɗaya daga cikin malamanmu da suka rage. Duk da furfurarmu, ba mai zama sai ya zauna, ba mai ce masa komai sai “Allah shi gafarta Malam”. Tsakaninmu kuwa ba Alhaji ba ranka ya daɗe, tsohon kwamishina da direban tasha duk sunan makaranta ake kiransu.

Taron 2024 ya fi kowanne armashi. Ran 29 ga Mayu na shekarar Shugaba Tinubu ya sa hannu aka dawo da tsohon take. Jikokinmu suka rasa ta cewa, malamansu ma haka. Mu kuwa da aka sa mu manta shi a 1978, sai ga shi ya dawo baki tiryan-tiryan, har da inda tsohon malaminmu ke jan numfashi. Muka rera muka ƙare, aka bushe da dariya.

Mutum ɗaya ne bai tashi ba. Malamin firamare ne mai ritaya, ya daɗe yana bin haƙƙinsa na sallama bai samu ba.

“Ku ƙyale ni,” in ji shi. “Mi ƙasag ga ta yi min da zan miƙe mata?”

Abokina Bagwande ya ce, “Haba ɗan'uwa. Shekara biyar tana ciyar da kai, ta ba ka sabulu, ta ba ka littafi, ta ba ka kuɗin mota in an yi hutu. Ko ka manta?”

“Ban manta ba. Ɗana fa, mi ta ba shi?”

Ba wanda ya amsa, don tambayar ta fi ƙarfinmu. Watanni biyu kafin nan, a zanga-zangar tsadar rayuwa ta watan Agusta, matasa sun ɗaga tutar Rasha a Kano da Kaduna, har aka kama telolin da suka ɗinka. Wasunmu sun yi ta Allah wadai. Ni ma abin bai yi min daɗi ba, amma ban iya zagin yaran ba. Mu an ba mu tuta tare da abinci da malami da gado a ɗakin kwana. Su an ba su ita tsirara, wasunsu ma ba su taɓa shiga ajin da za a nuna musu ita ba. Bazabarmen Kamba ya ƙara da cewa lokacin da aka rufe kan iyaka bayan juyin mulkin Nijar na Yuli 2023, wata da watanni ziyarar dangin mahaifiyarsa da ke Gaya ta gagare shi, alhali tafiyar ba ta taka kara ta karya ba. Wani malamin addini cikinmu kuma ya daɗe yana da ja a kan tsayuwa don ƙyalle. Yakan zo taro, ya ci abinci, ya biya kuɗin ƙungiya kafin kowa, in za a ɗaga tuta sai ya fita alwala. Ba mu taɓa matsa masa ba.

Ni ina cikin masu tashi. Ba don na gamsu da yadda ake tafiyar da ƙasar ba. Ina tashi ne don a iya sanina, cikin tutoci uku da suka kaɗa a bakin gulbin nan, ita kaɗai ce aka jera jikan Bakabe da jikan Bagwande a ƙarƙashinta ba tare da ɗaya ya ci ɗaya da yaƙi ba, ba kuma tare da baƙo ya ci su duka ba. Na san wannan hujja ba ta biyan kuɗin sallama.

Bayan an ci abinci aka shiga maganar kuɗi, inda aka fi daɗewa kullum. Waɗanda suka leƙa tsohuwar makarantarmu suka ce sandar tuta na nan inda muka bar ta, amma ba igiya, azuzuwa biyu kuma yara a ƙasa suke zama. Badakkaren nan ya ce a sayi tuta da igiya da ganguna, shi zai riƙa zuwa yana koya wa yara maci kyauta. Mai bin haƙƙinsa ya ce ba a maci da yunwa, a fara da kujeru. Ma'aji ya duba littafi ya ce abin da ke asusu ba zai ɗauki biyun ba, tunda fiye da rabinmu ba su biya na bara ba. Aka yi ta ja har kiran la'asar. Daga ƙarshe aka tsayar da kujeru, ɗan kasuwan nan mai tsumma a ƙafa ya ce igiya da tuta a bar masa. Maganar ganguna aka ɗage ta zuwa zama na gaba, wanda ya faɗo kan mu mutanen Argungu, aka kuma ja mana kunne cewa kada a ga nama a faranti, kifi ake so.